Kitson da Ba Ni Na Yi Ba

Masu tambayata ko lafiya na yi shiru kwana biyu, lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Wata har cewa ta yi ko an ɗaura ne ban gayyace ku ba. Baiwar Allah, ni da ko takalmi na saya sai kun ji labari, aure ne zan ɓoye muku? Neman makaranta ne ya ɓatar da ni. Ku gyara zama, don abin da ke cikina ba ni da wanda zan faɗa wa sai ku.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni mai gyaran gashi ce a shagon wata mata da muke kira Madam. Ina zaune a ciki da falo a saman bene, ni da 'yar yayata. Yayata ta rasu yarinyar tana aji ɗaya na firamare. Ubanta direban babbar mota ne, ya ƙetara wata ƙasa, ko waya sai ya tuna. A zaman makoki kowa ya yi ta cewa Allah ya raya marainiya, amma da aka tashi watsewa hannuna ta kama, ni kuma ban saki ba. Lauya muke ce mata, don ba a gama magana da ita. In ka ce ta sha magani sai ta tambaye ka wa ya ce, shi kuma wanda ya ce ɗin wa ya faɗa masa.

Bana Lauya ta gama firamare.

Sai kuma Mai Tabarau. Shagon tabarau ɗin da yake aiki yana kallon namu, titi ne kawai a tsakani. Malamar su Lauya ce ta dame ni da ƙorafi wai yarinya ba ta kwafar abin da ke allo, na tsallaka da ita a duba idonta. Shi ya gano ba rashin ji ba ne, rashin gani ne. Ya saka mata wani ƙaramin tabarau mai jan baki, ta kalli titi ta ce, "Ashe bishiya ganye ɗai-ɗai gare ta." Ya yi dariya, ni ma na yi, daga nan ne abin ya samo asali. Dogo ne, mai sanyin magana, kullum da ɗan ƙyallen goge gilashi a aljihun gaban rigarsa. In magana ta yi masa nauyi sai ya cire tabaraunsa ya hau gogewa, ko da babu ƙura ko ɗaya a jiki. Ina son sa. Na faɗa tun yanzu don kar wata ta zo tana tambayata a ƙasa.

Mahaifiyarsa ba ta ƙi ni ba. Ta ce ina da kunya, ina da sana'a, ta ma taɓa aiko min da turare. Abu ɗaya ta tsaya a kai, wai ɗanta ba zai fara zaman aure da 'yar sakandare tana kwana a falo ba.

Makarantar da na sa wa ido ta 'yan mata ce, mota ɗaya ake hawa daga gidanmu. Tana da ɓangare biyu, na 'yan kwana da na 'yan jeka-ka-dawo. Ranar karɓar fom na roƙi Madam rabin yini, na bi layi da Lauya a gefena, rana tana dukana, ga hoton yarinya, ga takardar haihuwa, ga sakamakon firamare, duk a cikin wata leda da na rungume a ƙirji. Da na zo wurin da aka ce a zaɓi ɗaya, ko tsayawa tunani ban yi ba, na zaɓi jeka-ka-dawo. Yarinyar da har yau ba ta barci sai ta miƙo ƙafa ta taɓo tawa, ita zan kai ɗakin mutum talatin?

Goggo, ƙanwar babanmu, ita ta rage mana a manya. Labari bai kwana ba ya isa kunnenta. Washegari da yamma sai ga ta tana hawo bene tana haki, tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro matakala. Ta zauna a kujerar da ta fi kowacce laushi, ta zare mayafi, ta aiki Lauya sayo ƙanƙara a shagon ƙasa.

"Ke wai wace irin yarinya ce?" ta ce, tun kafin ƙarar takalmin Lauya ta ɓace. "Allah ya kawo miki mafita har bakin ƙofa, kin sa ƙafa kin ture."

"Goggo, ba kaya ba ce da zan kai ajiya."

"Wa ya ce kaya ce? 'Ya'yan da ke can ba su da iyaye ne? Za ta yi kuka sati ɗaya, ta saba. Yaro ai sabo gare shi."

"Ni ce ba zan saba ba."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Sa'o'inki suna kai 'ya'yan cikinsu makaranta, ke kina nan kina tsefe kan amaren mutane. Kin yi wa marigayiya, mun gani, Allah ma ya gani. Amma ke ma fa 'yar wani ce. Ranar da yarinyar nan ta yi fiffike ta tafi, wa zai zauna da ke a ɗakin nan?"

Da ƙarya ta yi da na sami abin cewa.

Jarrabawar shiga ta matso, Mai Tabarau ya ɗauki nauyin lissafi, don ni da lissafi sai gaisuwa daga nesa. Kullum bayan ya rufe shago sai ya turo tambayoyi ta saƙon murya a wayata, ɗaya bayan ɗaya. Ina kicin ina dafa mana abin dare, Lauya tana kwance rub da ciki a ledar falo, waya a gabanta, fensir a baki. Sai ka ji muryarsa a hankali, "Lauya, wani mutum ya sayi lemo arba'in da takwas zai raba wa yara shida." Ita kuma ta danna ta mayar masa, "Kawu, mutumin nan a ina ya sami kuɗin lemo haka? Kuma takwas ne." Wannan lokacin shi ne mafi daɗi a yinina. Ina juya tukunya ina jin muryoyinsu, sai in riƙa ji kamar mu uku ne a gidan.

Wata ranar Talata, bayan na kwashe kwanuka, na ɗauki wayar na ga saƙo a ƙarshen tambayoyin, ya fi sauran tsawo. Alamarsa ta nuna an riga an saurara. Na ɗauka hannuna ne ya taɓa da na ɗauke wayar daga ƙasa. Na fita baranda na kara a kunne.

"Wannan kuma naki ne," in ji shi. "Umma ta sake tayar da maganar. Ta ce in dai yarinyar ta shiga kwana, ita ba ta da sauran magana, ko wata mai kamawa ma a yi. Ban ce mata komai ba. Ban ce ki yi ba, ban ce kar ki yi ba. Na dai ga bai kamata in ɓoye miki ba."

Na daɗe a tsaye ina kallon shanyar maƙwabta. Ba maganar Umma ce ta soke ni ba, wannan na saba da ita. "Ban ce mata komai ba" ɗin nan ce ta tsaya min a wuya.

Da safe na tsallaka titi kafin Madam ta iso. Yana jera tabarau a cikin gilashi.

"Me ya sa ba ka ce mata komai ba?"

Ya cire tabaraunsa, ya laluba aljihu. "Uwata ce."

"Ita ma waccan 'yata ce."

"Na sani. Lokacin da ya dace nake jira."

"To in ya zo ka gaishe shi," na ce, na juya. Ina tsallaka titi ina jin haushin bakina, amma ban waiwaya ba.

Daga wannan satin Lauya ta canja min.

Sai na faɗa muku yadda Lahadinmu take kafin ku gane. Ranar ba na zuwa shago. Bayan mun karya, sai in zauna a bakin gado, ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyina, ga kibiya, ga mataji, ga kwalbar man kitso. Gashin uwarta ta ɗauko, baƙi, mai cika, mai taurin kai, in ka tsefe shi sai ya tashi tsaye ya cika maka hannu. Duk labarin da ke cikin Lauya a nan yake fitowa. Wadda ta zage ta a aji, malamin da ya yi kuskure a allo ta gyara masa, mafarkin da ta yi da uwarta. Ba ta iya faɗa min abu tana kallon idona, sai ta ba ni baya hannuna yana cikin kanta. Ni ma haka, in zan yi kuka a nan nake yi, don ba ta gani.

Lahadin farko ta ce kanta yana ciwo. Ta biyu ta ce karatu ya yi mata yawa. Ta uku na fito da kayan kitso na jera, na kira ta, ta leƙo daga falo da hula a kanta.

"Anti, na da bai tsufa ba."

"Kitson sati uku ne bai tsufa ba? Zo nan in gani."

"Na wanke shi, na shafa mai. Ki huta, ai hutunki ne yau."

Ba kitso kaɗai ba. Ta fara wanke kayanta da kanta, har da zanen gado da ya fi ƙarfinta, tana jan sa yana jan ta. Ta karɓi tsohon agogon uwarta ta saita shi yana tashinta, ni da na saba tashinta da cakulkuli. Ta shiga banɗaki da ƙaramin madubina ta kulle, ta daɗe, in na buga ta ce tana zuwa. Hula kuwa ko barci da ita take yi. Sannan ta koma can ƙarshen katifa, jikin bango, ta naɗe ƙafafunta. Nakan miƙa tawa in laluba, in ji wayam.

Na faɗa wa Madam, ta ce girma ne, haka suke yi, in gode Allah ma ta rage min aiki. Na ce to. Yini nake ina taɓa kawunan mutanen da ban sani ba, ina yi musu fira, ina dariyar da ba ta wuce haƙori ba, in dawo gida kan da nake so in taɓa yana cikin hula. Mai Tabarau ya ci gaba da turo tambayoyi, amma Lauya ta daina tsokanarsa, amsa kawai take ba shi, "tara", "goma sha biyu", "na gode Kawu". Ni da shi kuma gaisuwa ce ta rage, ina kwana, lafiya lau, ya aiki. Wata Lahadin na zauna ni kaɗai a bakin gado da kibiya a hannu, na rasa abin yi da ita, sai na tsefe nawa kan na sake kitsawa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, alhali yarinyar tana falo, labule ne kawai a tsakaninmu.

Ta zauna jarrabawa, ta ci, sunanta yana cikin na sama-sama. Aka turo saƙo a waya cewa mu zo ganawa da shugabar makaranta ranar Alhamis. Mai Tabarau ya rubuto, "Barka. In karɓo motar abokina in kai ku?" Na rubuta, "Mun gode, za mu hau ta haya." Na goge, na sake rubuta shi ɗin dai, na tura.

Ranar Laraba da yamma na ce, "Yau kam sai an yi kitso. Ba za ki shiga gaban shugabar makaranta da kai kamar sheƙar tsuntsu ba."

"Anti, ba kai za su duba ba, abin da ke cikinsa za su duba."

Wa ya isa ya ja da Lauya?

Da safe na tarar ta riga ta goge farar rigarta da siket ɗinta mai ruwan bula, ta ɗaura farin ɗankwali tamau har ya rufe rabin kunnenta, ta goge tabaraunta. Ni kuma na ciro doguwar rigar yayata mai ruwan toka daga ƙasan akwati, wadda take sawa in za ta wurin da ake ganin mutunci. Ta ɗan yi min yawa a kafaɗa, na rufe da mayafi. Lauya ta kalli rigar, ta kau da kai.

A farfajiyar makarantar an jera bencina a inuwa. Duk inda na duba uwa da uba ne, yarinya a tsakiya. Wani yana gyara wa 'yarsa kwalar riga, wata tana yi wa mijinta faɗa ya manto hoto. Mu biyu muka sami ƙarshen wani benci muka raɓa. Matar da ke kusa da ni, wadda ta ce wannan ce 'yarta ta uku a makarantar, ta sunkuyo ta ba ni haske.

"A nan ba a shiga tare. Yarinya ce take fara shiga ita kaɗai, in ta fito uwa ta shiga. Ba sa son iyaye suna amsa wa yara tambaya. Kowa da bakinsa, sannan su haɗa su gani."

Na ce ai ba matsala, tawa bakinta ya ishe ta.

Aka kira Lauya. Ta miƙe, ta ja siket, ta tafi ba ta waiwayo ba. Sauran yaran ba sa daɗewa, ita kam har matar kusa da ni ta fara kallona. Da ta fito ba ta dawo bencinmu ba, ta tsaya jikin wata bishiya tana karanta allon sanarwa. Aka kira ni.

Shugabar dattijuwa ce, siririya, da furfura a bakin ɗankwalinta. Malamai mata biyu suna gefenta.

"Ke ce mai riƙonta?"

"Ni ce. Ƙanwar mahaifiyarta ce ni."

"Sannu da ƙoƙari. Yarinyarki saura kaɗan ta mayar da mu masu amsa tambaya." Malaman suka yi murmushi. "Gurbi kam ta samu. Sai dai mun sami saɓani. Ke kin zaɓi jeka-ka-dawo, ita ta ce kwana take so."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Kwana, ranki ya daɗe?"

"Kwana. Muka faɗa mata dokarmu, cewa 'yar kwana ko dai ta iya gyara kanta ko a rage mata gashi, don ba mu da masu kitso a nan. Ta ce ta sani, ta karanta a allo tun ranar da kuka kawo fom. Sai ta cire ɗankwali ta nuna mana. Ta ce da hannunta ta yi. An ce sana'arki ce, lallai kin iya koyarwa."

"Na gode," na ce. Ban san da wane baki na faɗa ba.

Dattijuwar ta ajiye alƙalami ta zuba min ido. "Ba ki san da maganar ba ke nan."

Na girgiza kai.

"Ba ma ɗaukar yarinya da amsa biyu. Ku je gida ku daidaita, gobe da safe ki kawo min amsa ɗaya. Amma bari in faɗa miki abin da na lura. Yarinyar da take ɗokin kwana, ɗakin barci take tambaya, da abinci, da ko za a haɗa ta da ƙawarta. Taki ranar ziyara kawai ta tambaya. Da muka faɗa mata, ta sake tambaya ko ana yin ƙari."

Muka hau mota ni da Lauya. Tana jikin taga tana kallon waje, ni ina kallon ƙullin ɗankwalinta. Raina yana tafasa, amma ban san da wa nake fushi ba. Har na fara zargin Goggo ta zagaya ta bayana.

Muna shiga na mayar da ƙofa na rufe. Ko mayafi ban cire ba.

"Cire ɗankwalin."

"Anti, bari in..."

"Cire."

Ta kwance shi a hankali. 'Yan uwa, daga gaba kitson ba laifi, hannuna ne sak, har yadda nake lanƙwasa na gefen kunne. Sai na juya ta. Tsagar ta taho daidai har tsakiyar kai, daga nan ta ɓace hanya, wata ta hau kan wata, wata ta tsaya a rabi. Ta ja gashin ƙeya da ƙarfi har ƙananan ƙuraje sun feso. Can ƙasa akwai wani curi da hannunta bai kai ba, ta murɗe shi ta cusa a ƙarƙashin na kusa. Gashin yayata ke nan, wanda ban taɓa bari ko Madam ta sa wa mataji ba.

"Bayan ne ba na gani," ta ce. "Amma ina gyaruwa. Na farko ya fi wannan muni."

"Wa ya ce ki zaɓi kwana? Goggo?"

"Ba kowa."

"Lauya."

Ta cire tabaraunta ta riƙe a hannu. "Saƙonnin suna bin juna ne, Anti. In ɗaya ya ƙare sai na gaba ya kama da kansa. Ni tambaya ta gaba nake jira. Da ya ce naki ne na so in kashe, hannuna da fensir, kafin in kai ya riga ya faɗa."

Na zauna a bakin gado. Ku da kuke karantawa na san tun ɗazu kun gano. Ni ina cikin gidan, ina ganin hula, ina ganin madubi, ban gano ba.

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Da kin ce a'a."

"Ƙwarai da na ce a'a."

"To kin gani." Ta gyara tsayuwa, ta koma Lauyarta. "Ki saurara kafin ki yi faɗa. Kina son Kawu. In ya turo saƙo kina murmushi ke kaɗai a kicin, ina ganinki. Shi ma mutumin kirki ne. Ni kuma makarantar ɗaya ce, malaman ɗaya ne, ina zuwa hutu. Kowa ya samu, ba wanda ya rasa."

"Ke fa?"

"Ni zan saba. Yaro sabo gare shi."

Ashe ba ta yi nisa ba ranar da Goggo ta aike ta sayo ƙanƙara. "Wa ya ce?" na tambaye ta.

"Goggo."

"Ita Goggon wa ya faɗa mata?"

Ta buɗe baki za ta ba ni amsa, sai dariya ta kufce mata, dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta rikiɗe. Ta toshe bakinta da ɗankwalin. Rabon da in ga hawayen Lauya tun tana aji uku.

"In kika rasa shi saboda ni," ta ce, muryarta tana karyewa, "wata rana za ki kalle ni ki tuna."

Wannan ce maganar. Ita ta kwashe makonni tana ɗauke da ita a jikin bango. Na so in rantse mata ba zan ji komai ba, amma Lauya ba a yi mata ƙarya, kamawa take.

"In na rasa shi zan ji ciwo," na ce. "Zan yi kuka ma, kina gani. Amma ba ke kika ji min ba. Mutumin da zai shigo ɗakin nan ya san mu biyu ya tarar. Zauna."

Na nuna mata ƙasa, tsakanin gwiwoyina. Ta tsaya tana kallon wurin, sannan ta zo ta zauna ta ba ni baya. Na jawo kibiya da kwalbar mai daga ƙarƙashin gado, na fara tsifa daga curin nan na ƙeya. Tana cewa wash, ina cewa maganinki ke nan, wa ya aike ki.

"Gobe zan koma in ce jeka-ka-dawo. In wata rana kika so kwana don kanki, ki kawo hujjarki mu zauna. Amma ba don ki ba wani wuri a gidanku ba."

"Anti, in Kawu ya..."

"Miƙo min wayar."

Na goge yatsa ɗaya a jikin rigar yayata na rubuta masa: "Lauya ta ji saƙonka na rannan. Yau ta ce wa makaranta kwana take so, don mu. Gobe zan je in ce jeka-ka-dawo, kuma a ɗakina za ta kwana har ta gama. Lokacin da kake jira ya zo." Na tura kafin zuciyata ta hana ni, na kifa wayar a kan katifa.

Na ci gaba da tsifa. Rana ta sauko ta taga ta kwanta a kan ledar ɗaki. A ƙasa yara suna buga ƙwallo a jikin ƙofar wani, matarsa tana korarsu. Na ɗaga wayar, ya karanta. Ba amsa. Na gama tsefe rabin kai, na sake ɗagawa, shiru. Lauya ta fara ba ni labarin ganawar, wai ɗaya malamar ta tambaye ta me take so ta zama, ta ce ya danganta da wanda ya fi buƙatar a kare shi. Ina dariya, kunnena yana kan katifa. Har na gama tsifa, na taje, gashin ya tashi ya cika min hannu kamar yadda ya saba. Aka kira magariba muka yi salla, muka dawo muka zauna yadda muke.

Sai wayar ta yi ƙara.

Saƙon murya ne, dogo, bai taɓa turo mai tsawonsa ba. Na tsaya ina kallonsa, hannuna duk mai. Lauya ta leƙo ta gani. Ta miƙe ta buɗe jakar makarantarta, ta ciro abin sauraren nan na sawa a kunne, ta warware igiyarsa, ta miƙo min da hannu biyu.

"Wannan karon ki sa a kunne, Anti. Ni zan fita baranda."

Na kalli abin da ke hannunta, na kalli fuskarta da ta kumbura da kuka, ga gashi a tsaye.

"Mayar da shi jaka. Daga yau ba maganar da za a yi a kanki a ɗakin nan kina baranda. Dawo ki zauna, ban gama ba."

Ta dawo tsakanin gwiwoyina. Na ajiye wayar a ƙasa a gabanmu, na ƙara mata murya har ƙarshe. "Danna," na ce, "hannuna da mai."

Ta danna.

"Assalamu alaikum," in ji shi. "Yanzu na fito daga ɗakin Umma."

Sai ya yi shiru. Muna jin numfashinsa, da ƙarar motoci a bayansa. Na san abin da yake yi, tabarau yake gogewa. Lauya ta lalubo ƙafata ta riƙe da hannu biyu. Ni kuma na ɗora kibiya a goshinta, na ja tsagar farko, miƙe har ƙeya.